Bututun Inji Na Takwas

Wata bakwai ke nan ba wanda ya tsaya a gaban inji na tara. An lulluɓe shi da tamfol, mata suna ratsewa idan sun zo wucewa, wata ma ta rataya takalmin doki na ƙarfe a jikin fitilarsa don kariya. Sun ce marigayiya Mavis Tromans ba ta bar wurin ba. Wai idan aka kashe injuna don cin abincin rana, akan ji kan injin ya yi ƙas shi kaɗai, kamar wani ya juya shi.

Edna Raybould ba ta taɓa jin wannan ƙas ɗin ba, alhali ita ce mafi kusa, tana kan na takwas. Abin da ke bin ta daban ne, kuma ba a ƙarƙashin tamfol yake ba.

A ɗakin kafstan, wato injunan sassaƙa ƙarfe, na wannan kamfani na garin Smethwick, an jera injuna a karkace kamar haƙoran zarto don wuri ya isa. Kowane inji yana cin sandar tagulla mai tsawon ƙafa goma. Ɗan bakin sandar ne kawai ke gaba, inda wuƙaƙe ke sassaƙa. Sauran duk yana fita ta gindin injin, yana juyawa a sarari, daidai bayan matar da ke inji na gaba. Sandar na bakwai tana bayan Edna, sandar Edna kuma tana bayan duk wadda ta tsaya a na tara. Doka ta ce a zura kowace sanda cikin dogon bututu mai ƙafafu. Bututan kuwa suna nan, talatin cif, kwance ƙarƙashin tebura suna shan ƙura. Suna da ƙara, suna tare hanyar baro, suna ɓata lokaci wajen zura sabuwar sanda. Don haka ba a fito da su sai ranar baƙi. Da zarar mai gadi ya hango sufeton gwamnati a bakin ƙofa, sai ya buga bututun tururi da sifana sau uku. Bugun ya bi bango ya ratsa kamfanin, kafin baƙo ya gama gaisawa da manaja kowace sanda ta shiga rigarta.

Rahoton gwamnati ya ce Mavis ta cire hularta ta raga, ta sunkuya a kan aikinta, gashinta ya naɗe a bakin injinta. Sakacinta ne, in ji takarda.

Ga yadda aka yi. Ma'aunin Mavis ne ya suɓuce, ya gangara baya. Ta juya ta sunkuya za ta ɗauka, hularta daram a kanta. Sandar Edna ta lashi gefen ragar. Edna ba ihu ta fara ji ba. A tafin hannunta ta ji, sitiyarin injin ya yi wani nauyi na ɗan lokaci, kamar wuƙa ta dakushe, har ta ɗan ƙara masa ƙarfi. Sannan ihun ya zo.

Ana fita da Mavis a kan gadon ɗaukar marar lafiya, foman Mista Darby ya ɗauki sifana da kansa ya buga bututun tururi. Mata duka suka durƙusa ƙarƙashin tebura. Edna ma ta durƙusa. Da hannunta ta goge sandar da tsumma, da hannunta ta zura ta a bututu. Bayan kwana huɗu Mavis ta cika a asibiti, tana da shekara ashirin da biyu.

Tun daga ranar, sau biyu ko uku a yini, nauyin nan yakan dawo hannun Edna. Ta tsayar da inji, ta leƙa baya, ba kowa. Sandar tana ta juyawa abinta, tana ƙyalli.

Mu mutanen garin nan haka muke. A ba mu fatalwa, za mu rataya mata takalmin doki, mu rage murya idan mun zo wucewa. Amma bututun da ke kwance taku ɗaya daga ƙafarmu, wannan ya fi ƙarfinmu.

Wata ranar Litinin Mista Darby ya zo ya yaye tamfol ɗin. A bayansa akwai wata doguwar mata mai kimanin shekara talatin da biyar, cikin sabuwar rigar aiki da ta yi mata yawa.

"Ga Bridie Lenihan," ya ce. "Daga Ailan ta zo. Aiki ya yi mana yawa, ba zan bar inji yana barci ba saboda tatsuniyar mata."

Queenie ta inji na bakwai, wadda ta shekara goma sha takwas a ɗakin, kuma bakinta ya fi injinta gudu, ta leƙo.

"Mista Darby, ka gaya mata akwai mai wurin? Ko sai sun haɗu?"

"Queenie, da hannunki yana aiki kamar harshenki da tuni mun rufe mun tafi hutu."

"To, 'yar Ailan, ina fata kin zo da carbinki."

Bridie ta yi murmushi. "Yaya, na bar miji a kabari da suruka a raye. Wace fatalwa ce kuma za ta ba ni tsoro?"

Aka kwashe da dariya. Edna ba ta yi ba. Idonta yana kan ƙeyar matar, inda baƙin gashi mai kauri ya cika hular raga tam, wani ɗan sili ya leƙo ta gefen kunne.

Wilf Hackett mai saiti ya zo da akwatin kayansa. Tsoho ne marar magana, shi ke ɗaura wuƙaƙe a duk injunan layin, shi ke murɗa ƙusoshin iyaka, kuma ba macen da ke da izinin taɓa su. Ya share safiya a kan na tara, sannan ya kira Bridie.

"Saurara, 'yata. Tunani nawa ne, na riga na zuba shi a cikin injin. Naki hannu ne kawai. Ja wannan, bakin ya buɗe, sanda ta matso har ta daki tokara. Mayar, ya cije. Yanzu murɗa sitiyari. Kin ga kan nan mai fuska shida? Kowace fuska da makaminta. Mahuji ya shiga, ya shiga, ya tsaya. Kin ji ya ƙi gaba? Ƙusar iyaka ce, kada ki yi kokawa da ita. Dawo baya."

Ƙas! Kan ya juya da kansa, wata wuƙa ta fuskanci aikin.

"Laa, shi da kansa?"

"Da kansa. Wannan ta rage kauri. Ta gaba ta fitar da zare. Sau shida, sannan ki jawo wuƙar gefe ta yanke."

Kan famfon murhun gas ya faɗo cikin tire, da ɗuminsa, farin ruwan sanyaya ƙarfe yana ɗiga daga jikinsa kamar madara. Bridie ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Duk na goma ki gwada shi da ma'auni," in ji Wilf. "Wannan gefen ya shiga, wancan ya ƙi. In ba haka ba, kira ni." Ya rufe akwati. Ya ɗan tsaya, bai kalli kowa ba. "In abu ya faɗi ƙasa, ki bar shi."

Ya wuce ta gefen Edna da kansa a sunkuye.

Washegari Edna ta riga kowa zuwa. Ta jawo bututunta, ta kafa ƙafafunsa, ta zura sandar. Da aka tayar da injuna sai sandar ta fara dukan cikin bututun, kwas-kwas-kwas, ba tsayawa, kamar wanda aka kulle a ɗaki yana neman a buɗe masa.

Kafin shayin ƙarfe goma fuskokin mata sun canza. Wata ta yi alamar gicciye. Queenie ta zo ta tsaya a kan Edna da kofinta a hannu.

"Ke, uwar tsoron Allah. Sufeto ya zo ne ba mu ji ba?"

"Akwai mutum a bayan sandata yanzu."

"Ni ma akwai mutum a bayan tawa, ke ce. Shekara shida, na taɓa cin ki?" Ta rage murya. "Ba ki ji abin da yake yi ba? Mavis ce ke ƙwanƙwasawa. Yaran can har sun kasa shan shayi. Ki bar marainiyar Allah ta kwanta."

"Queenie, kin san ba ita ba ce. Kin san komai, kina nan."

Queenie ta kurɓi shayinta. "Ban san komai ba, 'yar nan. Ke ma ba ki sani ba. Mu duka muka durƙusa ranar."

Da Edna ta dawo daga cin abincin rana, ta tarar da bututun a ƙarƙashin tebur. Ta sunkuya za ta jawo shi, sai ga takalman Mista Darby a gabanta.

"Raybould, baro ya kasa wucewa. Kuma in na bar ki ke kaɗai da bututu, me kike so mai wucewa ya ce game da sauran?"

"Doka ce, yallaɓai."

"Doka tana zuwa sau biyu a shekara, kuma muna karɓarta da mutunci. Shekara ashirin muna haka."

"Mavis fa?"

Ya dube ta har sai da ta ji kunnuwanta sun yi zafi. "Mavis ta cire hularta. Akwai sa hannunki a ƙarƙashin wannan maganar. Ki tuna."

Ta sami Wilf a wajen dutsen wasa wuƙa. "Baba Wilf, kai ne babba. In ka ce a ɗaure bututan da noti a ƙasa, za su ji."

Bai ɗago ba. Tartsatsi yana ta tashi daga bakin wuƙar. "Ni saiti aka ɗauke ni, yarinya. Gaban inji nawa ne. Bayansa ba a tambaye ni ba."

Kwana uku Edna tana aiki da rabin ido. Ja, mayar, murɗa, ƙas, murɗa, ƙas, hannunta ya san hanya ko tana barci. Ɗaya idon yana kan bayan Bridie. Matar mai rawar jiki ce, tana waƙa ƙasa-ƙasa, kuma idan ta gaji takan ja da baya taku ɗaya ta miƙe ƙugu. Duk ja da bayan nan, tsakanin rigarta da sandar bai fi tsawon hannu ba. Nauyin ya riƙa zuwa wa Edna sau goma, sau ashirin. Aikinta ya lalace, ma'auni ya fara ƙin shiga.

Ranar Alhamis suna cin burodi da kitse a kan akwatin katako, Bridie ta zauna kusa da ita.

"'Yar uwa, in tambaye ki mana. Me na yi miki? Duk juyawar da zan yi sai in ga idonki a ƙeyata. In kwarkwata kika gani, ki faɗa mini."

"Ki yanke gashin nan."

"Gashina? Shi kaɗai marigayi ya taɓa yabawa a jikina. Ai ina sa hula. Ita waccan baiwar Allah an ce cirewa ta yi."

Edna ta buɗe baki. Queenie tana zaune nesa kaɗan, ta daina tauna. Edna ta mayar da burodinta cikin takarda, ta tashi.

Da la'asar ɗin nan tsumman Bridie ya faɗi baya. Ta juya. Edna ta doki birki da dukkan ƙarfinta har wuƙa ta karye a cikin aikin, ta ƙwalla, "Bar shi!" da muryar da ba ta san tana da ita ba. Layin duka ya waiwayo. Bridie tana tsaye riƙe da tsumma, tana kallonta kamar mai taɓin hankali.

Wilf ya zo ya canza wuƙar. Sau biyu sifana tana suɓuce masa.

Ranar Juma'a da misalin sha ɗaya, bututun tururi ya yi ƙara. Ɗaya, biyu, uku.

Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mata suka durƙusa, ƙarfe yana jan ƙasa, kowa tana kafa ƙafafun bututunta. Queenie ta nuna wa Bridie yadda ake yi, suna dariya. Cikin minti biyu layin ya zama abin a ɗauki hoto.

Edna ba ta kashe injinta ba. Ta ja, ta mayar, ta murɗa sitiyari.

"Edna!" in ji Queenie. "Kin kurmance ne?"

Ƙas.

"Ke da kike haukan bututu ranar Talata, yau ga ranarsa! Don Allah ki sa!"

Mista Darby ya taho da sauri, fuskarsa ta yi ja. Ya sunkuya da kansa zai jawo bututun. Edna ta ɗora ƙafarta a kai.

"Ɗage ƙafarki."

"A'a, yallaɓai."

"Kin san abin da kike yi? Yau za ki bar kamfanin nan, kuma ba mai ɗaukarki daga nan har Wolverhampton."

Edna ba ta ɗage ƙafar ba. Ta ce wa Bridie, "Matsa can, ki tsaya jikin bango." Bridie ta matsa.

Ƙofa ta buɗe. Manaja ya shigo da wata 'yar gajeriyar mata mai tabarau da jakar fata, Mis Ashworth, sufeton gwamnati, ita ce ta rubuta rahoton Mavis. Ɗakin tsit, inji ɗaya ne kawai ke kuka. Ba sai an nuna mata ba. Ta bi layin a hankali, ta wuce bututai bakwai, ta tsaya a gaban sanda tsirara tana juyawa.

"Kashe," ta ce. Edna ta kashe. "Ina bututun wannan?"

"Ga shi ƙarƙashin ƙafata, Madam. Nan yake kwana, nan yake yini. Duka haka suke. Waɗannan da kike gani, kina bakin ƙofa aka sa su."

Mista Darby ya yi wata 'yar dariya. "Madam, yarinyar ba ta da lafiya. Tun rasuwar ƙawarta take gane-gane. Tambayi kowa."

"Zan tambaya." Mis Ashworth ta shafa saman bututun na bakwai da yatsa, ta duba ƙurar da ta kwaso, ta goge a hankicinta. Ta juyo ga Edna. "Na san fuskarki. Kin ba ni shaida a watan Maris."

"Ƙarya na yi miki. Ba injinta ne ya kama ta ba, wannan sandar ce. Tawa. Ta sunkuya ɗaukar ma'auni a nan, daidai inda kike tsaye. Da hularta a kanta. Ni na goge jinin, ni na sa bututu kafin ki iso."

Mis Ashworth ta dubi ƙasa, ta ja ƙafarta baya kaɗan. Sannan ta ɗaga murya. "Akwai wadda ta ga abin da matar nan ke faɗa?"

Mata ashirin da tara suka sami abin kallo a tafin hannunsu. Queenie tana gyara ɗaurin rigarta. A can waje ana jin baro yana wucewa.

"Ki fahimce ni," in ji Mis Ashworth, muryarta ta sauko. "Bututun yau na gani da idona, zan rubuta. Amma maganar marigayiyar, ina da shaidar mutum shida, har da taki, cewa ba hula a kanta. Ba a ga hula a wurin ba, ba a kai ta asibiti da ita ba. Bakinki kaɗai ba zai tayar da wannan takarda ba."

Edna ta dubi bututun da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ashe abin da za ta samu ke nan: a ci kamfani tara, a kore ta, Mavis kuma ta ci gaba da zama mai sakaci a cikin fayil.

Sai aka ji ƙarar makulli daga ƙarshen layi. Wilf Hackett ne a durƙushe gaban kabad ɗinsa. Ya fitar da akwatin wuƙaƙe, ya fitar da gwangwanin mai, ya zura hannu can ciki. Ya taho yana jan ƙafa, riƙe da wani ƙunshin tsumma da hannu biyu. Mata suka dare masa hanya.

"Wilf," in ji Mista Darby. "Saura maka shekara biyu ka huta. Wilf!"

Tsohon ya ajiye ƙunshin a kan tiren Edna, ya warware. Hular raga ce, shuɗiya, ta murɗe ta zama kamar igiya, ta yi baƙi ta bushe. Jan gashi ya saƙu a cikinta, ba a iya raba su. A bakin ɗinkin an rubuta M.T. da farin zare.

"Daga kan wannan sandar na warware ta," ya ce. "An ce in jefa a wutar tukunyar tururi. Na je har bakin wutar."

Wata daga baya ta fashe da kuka. Bridie ta kai hannu ƙeyarta, ta dafe, ta kasa saukewa.

Mis Ashworth ta cire tabarau, ta mayar. Ta buɗe jakarta ta fito da littafi. "Ba injin da zai sake tashi a ɗakin nan yau," ta ce wa manaja. "A ba ni ofis da kujeru. Ɗaya bayan ɗaya zan gan su, kuma foman ba zai shiga ba." Ta naɗe tsumman da kanta, a hankali. "Ku biyun nan, ku fara zuwa."

Edna ta bi bayanta. Da ta zo daidai inji na bakwai, Queenie ta kama hannun rigarta. Edna ta tsaya tana jiran zagi. Fuskar Queenie ta yi fari fat, ta tsufa cikin minti goma.

"In ta kira ni," ta ce da raɗa, "me zan ce mata?"

"Abin da kika gani."

"Na ga komai, Edna. Ina kallo."

"To."

Queenie ta saki rigar. Edna ta wuce, Wilf yana biye da ita, suka shiga ofishin aka rufe ƙofa.